Shekarar da Aka Ce In Mayar da Inna Ɗakin Baƙi

Da sunan Allah nake shiga wannan babin, wanda na daɗe ina kewaye shi. Amal, Mujtaba, Nafisa, ku nake yi wa shi. Na san abin da ake faɗa a gidan Yaya Isyaku, na kuma san kun ji shi tun kuna ƙanana har ya zauna muku a kai: wai ubanku ya zaɓi kwamfuta a kan uwarsa, wai taurin kai ne ya kai shi Basunda har aka binne Inna ba ya nan. Rabin maganar gaskiya ce, an binne ta ba na nan. Ɗaya rabin nake so in gyara, kuma kada ku sa ran zan yi shi da sanyin murya, domin har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi kamar jiya abin ya faru.

A lokacin ina koyar da tarihi da tarbiyya wataniyya, wato darasin zama ɗan ƙasa, a wata makarantar sakandare ta maza a cikin Gadarif, a gabashin Sudan. Zamanin masu gemu da taken jihadi ne, zamanin da ake tara yara da safe su yi kabbara har murya ta dushe kafin a bar su su shiga aji. Littafin tarihin da aka ba mu yana bin bakin kogi ne daga farko har ƙarshe, bai cika waiwayowa gabas ba. Idan ya ambaci Gadarif sai ya ce rumbun ƙasa ce, akwai dawa akwai riɗi, shi ke nan, sai ka ce dawar da riɗin su suke shuka kansu su kai kansu kasuwa. Ajina kuwa cike yake da jikokin waɗanda suka sare dajin: Hausawa, Fulani, Larabawa, mutanen yamma, mutanen kan iyaka. Ina karanta musu littafin suna hamma, ni ma a ciki hammar nake yi.

Sai aka kawo mana kwamfutoci. Sun daɗe a lulluɓe da zanen gado, mudir, wato shugaban makarantar, yana yawo da makullin ɗakin a aljihu kamar an ba shi ajiyar amarya. Da ƙyar na lallashe shi ya buɗe. Aka haɗa mana majigi, aka ba mu ɗan abin nan mai kama da yatsa da ake soka wa kwamfuta ta kamo intanet. Jinkirinsa ba a magana, sai ka danna hoto ka je ka sha shayi ka dawo bai gama saukowa ba. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, na yi murna irin ta yaro. Akwai wani shafi da aka buɗe don malamai, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. A can na sami taswirar da ake jawo ta kusa har yaro ya ga ƙauyensu, na sami tsofaffin hotunan tashar jirgin ƙasa da na kasuwar amfanin gona, na sami tambayoyin da yara ke amsawa na'ura ta gaya musu sun ci ko sun faɗi. Yaran da ke barci suka koma rigimar kujerar gaba. Abin da ya fi burge ni shi ne malami yana iya ɗora nasa darasin, malaman wasu jihohi su ɗauka su koyar.

Shafin a tsare yake kamar gida mai ɗakuna. Akwai ɗakin Tarihin Sudan, akwai na Tarbiyya Wataniyya, akwai na Jugrafiya. Can ƙasa kuma akwai wani ɗan ƙarami mai suna Jaliyat, wato baƙi 'yan wasu ƙasashe da suka zauna a nan, irin Girkawa da Indiyawa 'yan kasuwa na zamanin Turawa. Ban taɓa kula da wannan ɗakin ba, ban ga abin da ya haɗa ni da shi ba.

Muka zo kan darasin yadda 'yan ƙasa ke haɗa kai su kula da abin da yake na kowa. Littafin ya cika shafi da kirari, babu misali ko ɗaya da yaro zai kama. Nan na tuna da hafirin su Inna, wato tafkin da aka haƙa da hannu a ƙauyensu kusa da Ƙala'at an-Nahal tana yarinya. Tun muna ƙanana take ba mu labarin har muka gaji da shi. Ran nan bayan la'asar na same ta a rumfa tana soya bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa, na ɗora wayata a kan turmi na ce ta maimaita mini daga farko. Ta dubi wayar ta dube ni.

"Wannan ɗan abin ne zai riƙe maganata? Kai da na haifa ma ba ka riƙe ta ba."

Amma ta yi. Da Hausarta ta yi, tana tsoma Larabci inda ya zo mata, kamar yadda kuka san tana magana. Ta faɗi yadda kakanta ya tsaya a wannan ƙasa a hanyarsa ta Makka, ya yi noma don guzuri, noman ya riƙe shi. Ta faɗi yadda rani ke korar mutane saboda ƙishirwa, har mahaifinta da shehun Larabawan gefensu da arɗon Fulani suka kira nafir, abin da mu muke cewa gayya. An auna wa kowane gida rabonsa da igiya. Maza suna sara, 'yan mata suna kwashe ƙasa a kwando a kai, ita har gashin tsakiyar kanta ya zube bai sake fitowa daidai ba. Da ruwa ya taru aka kewaye shi da ƙaya. Mutum ba ya shiga da ƙafa, dabba tana sha a kwami daga waje, gidan da bai haƙa ba ba a hana shi sha amma shi zai kwashe laka baɗi. Idan rigimar ruwa ta tashi, a bakin hafirin ake yanke ta, a tsaye, da tsakar rana, ba a yarda kowa ya shiga inuwa ba. Na tambaye ta dalili, ta ce don kada mai dogon baki ya samu wurin zama.

Na fassara maganar da Larabci a ƙasan hoton, na haɗa da taswirar wurin da 'yan tambayoyi, na rubuta sunanta cikakke, Hajja Delu 'yar Malam Baƙo, na ɗora a ɗakin Tarihin Sudan. Ban taɓa koyar da darasin da ya kama aji kamar wannan ba. Yara suka koma gida suna tambayar kakanninsu wa ya haƙa rijiyar unguwa, wa ya sare gonar. Malamai daga Sinnar da Kassala suka rubuto a ƙasan darasin cewa sun yi amfani da shi. Ina komawa gida ina karanta wa Inna, tana cewa ashe har yanzu akwai masu hankali a duniya.

Ana cikin haka muwajjih ya zo, wato mai duba aikin malamai. Ba zan kira sunansa ba, yana da jikoki kuma ba su yi mini komai ba. Mutum ne mai fara'a, mai tsabtar jallabiya, da tabon sallah a goshi. A ofishin mudir ya kira ni, ya sa aka kawo mini shayi, ya tambayi lafiyar Hajja. Da Larabci ya yi magana, ni nake mayar muku.

"Ya Ustaz Haruna, darasinka mumtaz ne, wallahi. Ba wanda ya ce ka goge. Wurinsa kawai za ka sauya, ka mayar da shi Jaliyat. Dannawa ɗaya ce."

Na ce masa wannan matar a nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta, hafirin kuma har yau ana shan ruwansa a ƙasar Sudan. Ya yi murmushi ya ce ya sani, ai dukanmu Musulmi ne 'yan'uwan juna, sai dai harshen da ta yi magana da shi ba ya cikin abin da ake son ɗora tarihin ƙasa a kai, kuma ita da bakinta ta ce kakanta daga yamma ya zo. Na tambaye shi ko akwai wanda kakansa bai zo daga wani wuri ba, tunda shi kansa a bangon falonsa an rataye salsalar da ta kai shi har Hijaz. Murmushin ya ragu. Sai na yi masa tambayar da ta fi damuna: masu shafin suna da ikon matsar da kowane darasi ba tare da sun nemi izinina ba, me ya sa sai ni? Ya juya kofinsa ya ce ya fi kyau ya fito daga gare ni, domin a ƙasan kowane darasi shafin yana nuna sunan wanda ya ajiye shi a wurin.

A nan na gane abin da ake so, kuma a nan jinina ya hau. Ba darasin ne ya dame su ba. So suke duk malamin da ya buɗe ya ga cewa ɗan matar, malamin tarihi, Bahaushe, shi da hannunsa ya rubuta uwarsa a cikin baƙi. Daga ranar ba wanda zai ce an zalunce mu, sai a ce ai su ma sun san matsayinsu. Ya ce in yi tunani zuwa ƙarshen zango, ya ƙara da cewa akwai makarantun kan iyaka da ke kukan rashin malaman tarihi. Mudir yana zaune yana kallon farcensa.

Kafin in isa gida maganar ta riga ni, Gadarif ke nan. Yaya Isyaku ya rufe shagonsa na man riɗi tun kafin magariba ya zo. Shekarun nan ne ake tankaɗe mutanenmu a wurin takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, a ce kawo shaidar uba, kawo ta kaka, kawo wanda ya san kakan kaka. Ɗansa Badar kuma yana neman shiga makarantar hafsoshi. Bai ko zauna ba ya fara.

"Kai wane irin zol ne? Shekara da shekaru muna koya wa yara su yi Larabci a bakin ofis, kai ka ɗauki muryar Inna da Hausa ka watsa wa duniya. Yanzu an ce matsar kawai, kana wani ya'ani ya'ani. Danna musu, halas! Me zai ragu a jikinka?"

Ba na raina tsoronsa, ku ma kada ku raina. Tsoron gaske ne, ba shi ya ƙirƙire shi ba, dasa mana shi aka yi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda suka iya mayar da wa ya zama ɗan aikensu a cikin gidan ƙaninsa ba tare da sun ce masa uffan ba. Mahaifiyarku Safiya ba ta ɗaga murya ba. Tana goye da ke Nafisa, ta ce ita dai ta san gidan da muke ciki na malamai ne, ranar da aka ɗauke ni ranar za a karɓi makulli, kuma Inna ba ta da ƙarfin da za a yi ta yawo da ita. Wannan maganar ta fi ta Yaya nauyi a wurina, domin babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Duk wannan Inna tana kwance a angarib ɗinta, gadon igiyar nan da kuka sani, fuskarta a bango, mun ɗauka barci take. Sai ta juyo ta ce a yi mata bayani, tunda da sunanta ake ta ciniki. Na rasa yadda zan fassara mata shafin intanet, sai na ce mata gida ne mai ɗakuna, na sa ta a ɗakin masu gida, yanzu an ce in mayar da ita ɗakin baƙi. Ta tambaya ko za a rage wani abu a maganarta, na ce a'a. Ta tambaya ko ɗakin baƙin yana da kyau, Yaya ya yi sauri ya ce ƙwarai, har da Turawa a ciki. Ta kai hannu ta shafa tsakiyar kanta inda gashin bai fito ba.

"Baƙo kawo masa ruwa ake yi," in ji ta. "Ni wa ya kawo mini? Ni na haƙa suka sha."

Yaya ya fara cewa Inna ki duba Badar. Ta ce ta duba shi, kuma tana yi masa addu'a, amma yaron da sai an mayar da kakarsa baƙuwa za a ɗauke shi, ranar da suka ga dama shi ma za su nuna masa ƙofa. Sannan ta dube ni. Ban taɓa mantawa da kalmomin ba, ga su yadda ta faɗe su.

"Haruna, ƙarfi nasu ne. In za su kai ni ɗakin baƙi, su ɗauki gadon da kansu su kai. Kai dai kada ka kama musu ƙafa ko ɗaya. In ka kama ban yafe ba."

To ku ji da kyau, ku da aka gaya wa na zaɓi kwamfuta a kan uwata. Uwata ce ta yanke, ni bi na yi. Ba na cewa da ba ta faɗa ba da na danna; ban sani ba, ni ma mutum ne mai 'ya'ya. Amma ta faɗa, a gaban Yaya Isyaku, a gaban mahaifiyarku. Ku tambayi mahaifiyarku tun tana da rai.

Ƙarshen zango ya zo ban danna ba. Takardar sauyin wuri ta iso da kalmomi masu daɗi, wai ana buƙatar gwanintata a Basunda, can kan iyaka. Aka rufe sunana a shafin, kalmar sirrina ta daina buɗewa. Aka karɓi gidan. Safiya ta koma da ku gidan iyayenta, Inna ta koma wurin Yaya. Ni na hau bayan lori da akwati da katifa. Makarantar da aka kai ni ba ta da wuta balle majigi, na koma allo da alli, ina zana taswirar Sudan da hannu tana fitowa kamar tulun da ya faɗi. Mutanen Basunda sun riƙe ni da mutunci, ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Darasin hafir kuwa na ci gaba da koyar da shi da baki, ba wanda ya zo duba ni, domin muwajjih ba ya son laka a jallabiyarsa.

Wani abokin aiki ne ya gaya mini abin da aka yi da darasin. Sun matsar da shi Jaliyat da kansu, abin da tun farko za su iya. Sun cire sunanta, suka rubuta wai wata tsohuwa daga jaliyar Afirka ta Yamma tana ba da labarin al'adunsu. Hafirin da ke ƙasa da tafiyar yini daga Gadarif ya zama al'adun wasu mutane can. Badar kuma, bayan duk wannan, ba a ɗauke shi ba. An ce ya kawo shaidar kakan kakansa. Na faɗi wannan ba don in ci nasara a kan Yaya ba, yaron ya yi kuka kuma ni ma na yi masa. Na faɗa ne don ku san cewa ko da na danna, ba abin da za mu saya da shi.

Inna ta kwanta ciwo a tsakiyar damina. Kun san ƙasarmu, baƙar laka ce, in ta sha ruwa ko jaki sai ya yi tunani kafin ya taka. Hanyar Basunda ta yanke, lori ba ya shiga ba ya fita, waya kuma sai ka hau tudu ka ɗaga hannu sama. Saƙon ya same ni a makare. Na fito da ƙafa, takalmi a hannu, na samu tarakta ta ɗauke ni wani wuri, ta kafe, muka sauka muka tura, na sake bin ƙafa. Ina tafe ina zagin mutumin nan mai tsabtar jallabiya a zuciyata, ina istigfari, ina sake zaginsa. Da na shigo unguwar Yaya na hango rumfar makoki an riga an kafa, na ga angarib ɗinta a jingine da bango an wanke shi yana bushewa. A kansa aka ɗauke ta zuwa maƙabarta, kamar yadda ake yi a nan. Maƙwabta sun kama, Larabawan kasuwa abokan Yaya sun kama, Badar ya kama. Ba sai an gaya mini komai ba.

Ina tsaye laka har gwiwata, Yaya ya taso, a gaban mutane ya ce:

"Ga abin da kwamfutarka ta saya maka."

Ban amsa ba, ranar ba ta amsa ba ce. Shirun nan nawa shi ya zama labarin da kuka taso da shi. Har Yaya ya rasu muna gaisawa, na yafe masa, uwa ɗaya muka rasa. Waɗanda ban yafe wa ba su ne waɗanda suka zauna a ofis mai sanyi suka ga tsohuwa ta faɗi yadda aka raba ruwa da adalci, abin da ya zo musu a rai shi ne a wane ɗaki za a ɓoye ta. Suna koyar da yara son ƙasa da safe, da rana suna tankaɗe waɗanda suka haƙa mata ruwa.

Shafin nan ya mutu tuntuni, ya tafi da ɗakunansa duka. Muryar tana nan a wurin Amal, na sa ta kwafe ta a wurare da yawa. Ku kunna wa 'ya'yanku, ku gaya musu sunanta cikakke, Hajja Delu 'yar Malam Baƙo, ku gaya musu ta Gadarif ce. Idan kuma wani ya sake ce muku ubanku bai kama gadon uwarsa ba, ku ce haka ne, sau biyu ma. Na biyun laka ce ta hana ni, kuma na san waɗanda suka tura ni bayan lakar. Na farkon ita ta hana ni, kuma da za a dawo da ni ofishin nan a sake ajiye mini shayin, hannuna yana aljihu.